ZANCEN KIMIYYA: In'inar Kwamfuta Da Jinkirinta A Wasan Tseren Motoci

 

Makon jiya muka sami takarda daga wani saurayi mazaunin Jidda. Ya ce ya daɗe yana tara kuɗi, har Allah ya nufa ya buɗe ɗan shago, ya zuba kwamfuta huɗu, ko wace da sitiyarinta da totur da birki da kujera, samari na biya suna tseren motoci. To, sai ɗaya daga ciki ta ɓullo da wani hali. Mota na cikin tafiya sumul sai hoto ya cije kamar ƙiftawar ido, kafin ya saki mota ta daki katanga. Da an kunna ta lafiya lau ne, sai an yi kamar rabin sa'a ana wasa sa'an nan ta soma. Masu wasa sun fara gudun kujerar, an kuwa ba shi shawara ya sayi sabon katin zane, wanda kuɗinsa zai cinye ribar watanni. Shi ne ya ke tambaya, ya saya ko kada ya saya?

Malam, amsarmu ita ce ka dakata tukuna, kada a sayar da biri a sayi kare.

Wataƙila wani dattijo ya ce, me ya kai filin kimiyya ga wasan yara? Ai abin ya wuce wasa. A shekarar 2011 wani saurayi ɗan Ingila, Jann Mardenborough, ya ci gasar wasan Gran Turismo, aka ɗauke shi aka koya masa tuƙin motar tsere ta gaske, a 2013 kuma motarsu ta zo ta uku a ajinta a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa. A 2020, da annoba ta rufe filayen tsere, direbobin Formula 1 a kwamfuta suka riƙa fafatawa, ko wa yana gidansa.

Da farko dai mu san yadda hoto ke motsi. Duk wanda ya taɓa kallon majigi ya san babu abin da ke motsi a jikin fim. Hotuna ne tsayayyu a ke jerowa, 24 a cikin ko wane sakan, ido ya haɗa su ya ga kamar tafiya. Haka kwamfuta ta ke yi, sai dai ita ba ta da hotunan a ajiye, dole ta zana ko wane ɗaya nan take, bisa ga yadda ka murɗa sitiyari. Allon kwamfuta na yau da kullum yana sauya hoto sau 60 a sakan. In ka raba sakan kashi dubu, ko wane kashi sunansa milisakan, za ka ga ko wane hoto rabonsa bai cika milisakan 17 ba. A cikin wannan ɗan lokaci ne za a gama lissafi, a gama zane, a miƙa wa allo.

Ma'aikata huɗu ke wannan aiki. Akwai mai lissafi, wanda a ke kira furosesa, shi ke auna gudun ko wace mota da nauyinta da yadda taya ta kama kwalta. Akwai mai zane, watau katin zane, shi ke karɓar lissafin ya mai da shi hoto. Akwai tebur, watau ram, inda a ke shimfiɗa kayan da a ke aiki da su yanzu. Akwai kuma rumbu, watau faifan ajiya, inda sauran kaya ke kwance. Mai lissafi da mai zane kamar mata biyu ne masu lugude a turmi ɗaya. In ɗaya ta makara da taɓaryarta, dole ɗayar ta jira, kome ƙarfin damtsenta.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. A kusurwar allo akwai ɗan lissafi mai nuna yawan hotuna a sakan, mutum ya ga 100 ya ce na'urarsa lafiyayya ce. Amma a ce cikin hotunan nan ɗari, 99 ko wane ya ci milisakan 9, ɗaya tak ya ci 109. Jimla sakan ɗaya ke nan cif, lissafi kuma zai nuna 100. Motar da ke gudun kilomita 300 a sa'a tana cin mita 83 a sakan. Watau kafin hoton nan guda ya gushe, mota ta shafe mita 9, tsawon ƙananan motoci biyu, direba bai gani ba. In wurin taka birki ya faɗo a nan, shi ke nan, kwana ta wuce shi. Wannan ita ce in'ina. Makaɗin da ya yi bugu sittin daidai wa daida ya fi wanda ya yi ɗari ya tsallake ɗaya, gama a kan wanda aka tsallake mai rawa zai yi tuntuɓe.

Saboda haka abin da za a auna shi ne lokacin da ko wane hoto ya ci. Akwai manhajoji na kyauta, irin su MSI Afterburner da CapFrameX, masu zana wannan a matsayin layi. In layin ya miƙe, lafiya. In yana tsiro da ƙaya nan da can, ko wace ƙaya in'ina ce. Sai ka zauna da takarda da fensir, ka rubuta lokacin da ƙayar ke fitowa, domin lokacin shi ke tona asirin mai laifi.

In na'ura ta soma da kyau, sai da aka jima ta lalace, a tuhumi zafi. An gina furosesa yadda in zafinsa ya kai wajen digiri 95 ko 100 zai rage gudunsa da kansa domin kada ya ƙone, katin zane ma haka ya ke yi. Ƙura ita ce babbar abokiyar zafi, ta toshe raga, ta lulluɓe fanka da haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. Mazauna Jidda da Omdurman da Injamena, da duk inda hunturu ke kawo hazo, sun fi mutanen Turai bukatar kula da wannan. A kashe na'ura, a zare wayar lantarki, a buɗe, a hure ƙurar da busasshiyar iska, a kuma dafe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. In na'urar ta yi shekaru, a sabunta man da a ke shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, gama yakan bushe.

In kuwa a wuri ɗaya na hanyar tsere hoto ke cijewa, ko wane zagaye, to, tebur ne ya yi kaɗan, sai an ruga rumbu an ɗebo kaya. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yakan ci wajen milisakan 10 kafin allurarsa ta kai inda a ke nema, ka ga fiye da rabin rabon hoto guda ya tafi. Sabon rumbu mara juyawa, wanda a ke kira es-es-di, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Katin zane ma yana da nasa ɗan tebur, in ya cika sai a rage kyan fentin motoci da na gine-gine a cikin saitin wasa.

Akwai wata in'ina wadda ba cuta ba ce. Ran da aka sa sabon wasa, ko aka sabunta manhajar katin zane, dole kwamfuta ta fassara wa katin umarnin zana hayaƙi da ruwan sama da inuwa, sa'ad da ta fara cin karo da ko wane. Da ta fassara sai ta ajiye. In zagayen farko ya yi gargada, na uku ya yi sumul, a bar ta, babu abin saye.

In a farkon tsere ne abin ke faruwa, sa'ad da motoci talatin suka cunkushe a kwanar farko, mai lissafi ne aiki ya yi wa yawa. Ga gwaji mai sauƙi. Rage ƙudurin hoto ƙwarai, watau yawan ɗigon da a ke zanawa. In na'ura ta sami sauƙi, mai zane ne ya gaza. In babu abin da ya sauya, laifin na mai lissafi ne, sabon katin zane kuwa ba zai yi maganin kome ba. Sai a rage yawan motocin da a ke nunawa da abin da madubi ke haskowa. In kuma ƙayar ba ta da ƙa'ida, a duba ko wata manhaja na aiki a ɓoye, kamar mai binciken ƙwayar cuta ko mai sauko da sabuntawa.

Jinkiri kuma ciwo ne dabam. Hoto na tafiya sumul, amma ka murɗa sitiyari mota ba ta amsa ba sai bayan an jima kaɗan. Sau da yawa akwatin talabijin ke jawo shi, domin yana tsayawa gyara hoto kafin ya nuna. Yawancin akwatunan suna da saitin wasa, wanda ke kashe wannan gyare-gyare. Har wa yau akwai dabarar sa katin zane ya jira allo domin kada hoto ya tsage biyu, wadda ke hana tsagewa amma ta ƙara jinkiri. A 2013 kamfanin Nvidia ya fito da G-Sync, a 2015 kuma AMD ya fito da FreeSync, inda aka juya al'amarin, allo ke jiran kati. In allonka na da ɗaya daga ciki, kunna shi.

Saura jinkirin intanet. Alamarsa ita ce motarka na tafiya daidai, amma motocin abokan tsere na tsalle, su ɓace su ɓullo. Haske a cikin zaren gilashi na gudun wajen kilomita 200,000 a sakan, saboda haka ko wane kilomita 1,000 na ƙara milisakan 10, zuwa da dawowa. Tsakanin Ankara ta Gana da Landan ya haura kilomita 5,000, watau milisakan 50 ke nan ko da babu tsaiko ko ɗaya a hanya, babu kuwa kuɗin da zai rage shi. Abin da mutum zai iya shi ne ya zaɓi uwar garke mafi kusa, watau babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan tsere, ya bar wayarles ya ja waya daga akwatin intanet zuwa na'urarsa, ya kuma hana a riƙa sauko da fina-finai sa'ad da a ke tsere. Wani lokaci ma matsalar ba a gidanka ta ke ba. A watan Janairu 2023, a tseren Le Mans na kwamfuta, Max Verstappen, zakaran duniya a lokacin, yana kan gaba hanyarsa da uwar garke ta yanke, daga bisani ya janye daga tseren.

To, Malam na Jidda, ga abin da muka gani a takardarka. Kwamfuta huɗu a ɗaki ɗaya, intanet ɗaya, ɗaya kaɗai ke ciwo, sai kuma ta yi rabin sa'a tana aiki. Alama ta fi karkata ga zafi. Auna zafinta da an kunna, ka sake aunawa sa'ad da in'ina ta soma. Share ƙura, ka janye ta daga jikin bango, ka gwada. In ba ta daina ba, ciro katin zanen wata lafiyayya ka sa mata. In ciwon ya tafi, sa'an nan ne maganar saye ta taso. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, kana rubutawa, gama wanda ya sha magani biyar rana ɗaya, ko ya warke bai san wanda zai gode wa ba.

Muna jiran takardarka mu ji yadda aka ƙare. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.