Ajiya da Lamuni: Wa Zai Biya Idan Banki Ya Faɗi?

Tun kafin zuwan banki, fatake a Kasuwar Kurmi sukan bar dukiyarsu hannun fatoma su yi tafiya, kuma malaman cikin birni sun daɗe suna karantar da hukuncin wannan a Risala. Wanda aka bai wa ajiya amintacce ne. Idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Amma da zarar ya ƙetare iyaka ko ya juya kuɗin cikin kasuwanci, to, lamuni ya hau wuyansa.

Banki kuwa ba ya kulle kuɗin mutane a akwati, juya su yake yi. Saboda haka malamai da yawa suna ɗaukar kuɗin asusun yau da kullum a matsayin bashi, wajibi ne a mayar da shi cif. Asusun ƙirali, watau mularaba, irin na Bankin Jaiz wanda ya buɗe reshe a Kano a 2012, hukuncinsa dabam ne: hasara ta mai dukiya ce, sai fa idan mai juyawa ya yi sakaci.

To, mene ne sakaci? A nan dokokin hukuma suke shigowa. Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa kowane banki ya riƙe jari gwargwadon haɗarin basussukan da ya bayar, kada kuma ya jibga wa mutum guda rance fiye da ƙima. Wanda ya take waɗannan ba shi da bakin cewa ƙaddara ce. An gani a 1998, lokacin da aka rufe bankuna 26 a rana ɗaya, alhali hukumar NDIC ba ta lamunce wa mai ajiya fiye da Naira 50,000 ba a zamanin. A 2009 ma Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agusta, galibi saboda rancen da ba ya dawowa.

Haka batun inshora yake. Ƙa'idojin takaful da hukumar NAICOM ta fitar a 2013 sun raba asusun masu zubi da na masu kamfani. Idan asusun zubi ya gaza biyan wanda gobara ta cinye wa rumfa, kamfani ne zai cike giɓin da rance marar ruwa, ya jira rarar baɗi.