Mota mai ja gefe guda

Direba ya sa sabbin tayoyi a Maraɗi, ya kama hanyar Safo. Sai mota ta riƙa ja dama. Mi ya kawo haka?

Da farko sai ya je wurin mai faci a auna iska. Gefen da iska ta gaza, can mota take ja.

In iska daidai take, a musanya tayoyin gaba: ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. In mota ta koma ja hagu, laifin taya ne. A maida ta ga mai sayarwa tun ba ta cinye ba.

In ba ta sake ba, makanike ya duba birki da saitin ƙafafu. Ƙafar da birki ya kama, zafi take yi.

Kada direba ya ɗauki fasinjan Madarunfa sai an gyara.