Darasin Iyali: Rage Ƙiba Ba Tare da Gaba da Abinci Ba

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Duk wanda ya san Kuchigoro, garin Gbagyin nan da ke bakin hanyar filin jirgin sama ta Abuja, ya san yunwa da ƙiba maƙwabta ne a can. A gefe ɗaya ga inda 'yan'uwanmu na Gwoza suka sami mafaka bayan Boko Haram ta ci garinsu a 2014, mutanen da suka ɗanɗani kwana ba ci. A ɗaya gefen kuwa ga ma'aikata masu sammako zuwa cikin birni, su wuni a kan kujera, su dawo bayan duhu su ci tuwo mai nauyi su kwanta. Domin waɗannan na biyu aka shirya darasin nan.

Ran da likita ya ce wa uwar gida ko maigida jini ya hau, a rage jiki, yawancinmu hanya ɗaya muke bi. Sai a soke karin kumallo, a soke na rana, wasu ma su kira abin azumi. Da dare ya yi, yunwa ta kai wuya, sai a ci har da ragowar yara a tsaye a kicin. Daga nan kunya ta biyo, a kwanta da alkawarin gobe za a fi tsanantawa. Mutum ya shiga ganin kansa marar kamewa, alhali kuwa jikinsa ne ke yin aikin da aka halicce shi ya yi.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1944 zuwa 1945 wani masani, Ancel Keys, ya tara samari 36 a Jami'ar Minnesota ta Amurka. Mutane ne da suka ƙi ɗaukar bindiga a Yaƙin Duniya na Biyu saboda lamirinsu, wasunsu ma daga ikkilisiyar da ta haifi EYN suka fito. Wata shida ana ba su wajen rabin abincin da suka saba ci, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma abin lura shi ne abin da ya sami tunaninsu. Ba su da zance sai na abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, fushi da baƙin ciki suka kama su. Da aka sake musu, da yawansu suka riƙa ci ba sa jin sun ƙoshi. Samari ne masu horo da tsoron Allah, duk da haka yunwa ta rinjaye su. To, ina ga mace mai goyo da aikin gida?

Mu dubi annabi Iliya a karatunmu. Ya gudu daga Yezebel, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsawatawa ba. Mala'ika ne ya tashe shi sau biyu, ya ba shi gurasa da ruwa, domin akwai doguwar tafiya a gabansa zuwa Horeb. Abinci guzuri ne ke nan. A ganina, duk iyalin da ya koma cin abinci a kan lokaci, sau uku a rana, a zaune, tare da godiya, ya riga ya yi rabin aikin.

Sauran rabin yana cikin kwano. Ba a ce a bar tuwo ko sakwara ba. Ai ƙasar Gbagyi ƙasar doya ce da dawa. A rage malmala dai, wadda take biyu ta koma ɗaya, a cika gurbin da miyar ganye: zogale, alayyafo, rama, kuɓewa, tare da wake ko kifi, domin su ne ke riƙe ciki. A riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, gama ba abin da ya kai mai sa ƙiba a ɓoye, man ja ne ko na gyaɗa. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai gram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Daddawar iyayenmu tana nan.

Lemon kwalba kuwa sai mun faɗa wa juna gaskiya, musamman mu da ba a taron zumunta ko bikin godiya ba tare da shi ba. Hukumar ta ba da shawarar kada sukarin da babba zai sha a rana ya wuce wajen gram 50, ƙananan cokula 12 ke nan, ga shi kwalbar rabin lita ɗaya ta cinye wannan kaso. Zoɓo da kunun zaki na gida ma, in an zuba musu sukari da ludayi, ba su da bambanci.

Kada kuma a raina ƙaramin ci gaba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin ciwon sukari da aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wajen kilo 6 ke nan, a hankali cikin watanni. Tafiya da ƙafa daga bakin titi zuwa gida maimakon hawa babur tana cikin lissafi. Shayin rage ƙiba da ake talla kuwa, da yawansa ciki yake sa ya gudana. Ruwa ne ke fita, kitse yana nan.

Azumi na neman fuskar Allah ne, kada mu haɗa shi da sikeli. Mai shan maganin ciwon sukari, mai juna biyu da mai shayarwa su tuntuɓi likita kafin su sauya cimarsu. Wanda kuma ya ga yana ci a ɓoye, ko yana sa kansa amai bayan ci, ya gaya wa ma'aikacin lafiya, domin ciwo ne mai magani.

A lokacin addu'ar iyali ta wannan mako, iyaye su tambayi juna: wane suna muke kiran yaronmu mai jiki da shi a gaban 'yan'uwansa, kuma me 'yarmu take ji muna faɗa game da namu jikin?