Darasi: Lissafin Da Za Ka Yi Kafin Ka Sayi Iyafis Mai Tsada Ko Sabuwar Mota



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasa, daga majalisun Birnin Kebbi har zuwa na Argungu: "Saya yanzu, gobe zai ƙara kuɗi." Da ita ɗalibi yake kwashe kuɗin aljihunsa na zango guda ya sayi hedifon, da ita kuma wanda ya sayar da shinkafar rani yake nufar wajen dillalan mota. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a kan kowane kaya take aiki ba. A darasinmu na yau za mu koyi yadda ake gane ko kuɗin da za ka zuba a kayan sauti zai kai kunnenka, da yadda ake lissafin abin da mota za ta ci bayan an biya kuɗinta.

Me ya sa kayan suka yi tashin gwauron zabi?

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha a ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024.

Iyafis da sifika da yawancin motocin da muke hawa duk daga waje ake shigo da su, da dala. Ɗauki AirPods Max, wanda Apple ya fitar a Disambar 2020 a kan dala 549. A canjin 460 kuɗinsa naira 252,540 ne. A canjin 1,500 ya koma 823,500, ba a sa kuɗin dako da ribar mai shago ba. Kayan bai ƙara komai ba, nairarka ce ta rame. A Oktoban 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Jihar Kebbi. Ke nan hedifon ɗin ya lashe albashin kusan wata 11. AirPods Pro na dala 249 kuwa, albashin wata 5 ke nan.

Darasi na ɗaya: sauti sarƙa ce

Kafin waƙa ko karatun Alƙur'ani ya iso kunnenka, sai ya bi matakai huɗu: fayil ɗin kansa, wayarka, hanyar Bluetooth, sannan iyafis. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne zai yanke ingancin abin da za ka ji.

Fayil. Ana auna yawan bayanan sauti da kbps. Yawancin waƙoƙin da muke turawa juna ta Xender, ko ake loda mana a memori a shagon caji, MP3 ne mai 128 kbps, wani ma bai kai ba. Faifan CD yana da 1,411 kbps. Abin da aka yanke daga fayil lokacin matse shi ya tafi ke nan, babu hedifon ɗin da zai dawo da shi. Haka saƙon murya na WhatsApp, a matse yake sosai don kada ya ci data.

Data. Sauraron awa ɗaya a 128 kbps yana cin kusan MB 58. A 320 kbps, wanda shi ne babban matakin da Spotify ya daɗe yana bai wa masu biya har zuwa 2025, MB 144 ne. Ingancin CD da ba a matse ba ya haura MB 600 a awa. Ka tuna a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wato hedifon mai tsada yana da abincinsa na kowane wata.

Bluetooth. Waya da iyafis suna magana da juna da wani yare da ake kira kodek. SBC shi ne na kowa da kowa, yana kaiwa wajen 328 kbps. Akwai AAC, akwai aptX, sai LDAC na kamfanin Sony mai kaiwa 990 kbps, wanda ya shigo Android tun siga ta 8. Dole waya da iyafis su zama duk suna jin yare ɗaya, in ba haka ba sai su koma wanda suka yi tarayya a kai. iPhone ba ta san LDAC ko aptX ba, SBC da AAC kawai take yi. Don haka mai iPhone da ya ƙara kuɗi saboda an rubuta LDAC a kwali ya biya abin da ba zai taɓa ji ba.

Ga yadda za ka duba a Android. Shiga Settings, sai About phone, ka danna Build number sau bakwai. Developer options zai bayyana. Haɗa iyafis ɗinka, ka gangara zuwa Bluetooth audio codec, za ka ga wanda ke aiki. Dubawa kawai za ka yi, kada ka taɓa sauran saitin da ba ka sani ba.

Darasi na biyu: rubutun jikin kwali

Idan ka ga ƙaramar sifika an rubuta mata 5000W PMPO, talla ce kawai. Lambar da za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da sifikar za ta iya riƙewa tana aiki. Kuma ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kacal yake bayarwa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma.

Sai lambar IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 yana jure yayyafi da gumi, amma X ɗin yana nufin ba a ba shi matakin kariya daga ƙura ba. IP67 ƙura ba ta shiga, kuma yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Ga mai zama a inda hunturu ke zuwa da hazo, ko mai zuwa fadama, wannan lambar ta fi sunan kamfani amfani.

ANC, wato fasahar kashe hayaniya, ta fi tasiri a kan ƙara mai dogon zango kamar gurnanin janareto ko injin mota. Ba ta cika kashe surutun mutane ba. Kuma kada ka kunna ta kana kan babur ko kana tsallaka titi, don hon ɗin da ba ka ji ba ba zai jira ka ba.

Game da jabu, kwali da lambar siriyal duk ana kwaikwayonsu. Tun daga iOS 16, iPhone tana iya gargaɗin cewa ta kasa tantance AirPods ɗin da aka haɗa mata. Ka gwada a shagon kafin ka biya, ka kuma karɓi rasit.

Darasi na uku: batir da zafin Kebbi

Iyafis mara waya yana ɗauke da ɗan ƙaramin batirin litiyam da aka manne a ciki. Irin wannan batirin yana raguwa bayan 'yan ɗaruruwan caji, kuma a yawancinsu ba a iya canza shi. Shafin iFixit, masu kwance na'urori don auna sauƙin gyara, sifili cikin goma suka ba AirPods. Zafi kuma yana saurin tsufar da batir. Apple da kansa ya ce a yi amfani da na'urorinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura 40. Barin iyafis a gaban gilashin mota da rana kashe shi ne a hankali.

A nan ne maganar "saya yanzu" take faɗuwa. Buhun shanshera da ka ajiye zai iya ƙara daraja. Iyafis kuwa tun ranar da ka buɗe kwali yake tafiya ƙasa. An ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma nagari shi ne wanda ya dace da wayarka da yanayin garinku. Iyafis mai waya ba shi da batirin da zai mutu, kuma ba ya bi ta matsin Bluetooth.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙure ƙara. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ana sayen wani iyafis, ba a sayen wani kunnen.

Darasi na huɗu: kuɗin mota somin-taɓi ne

A bikin kamun kifi na Argungu na 2020, wanda ya kama kifi mafi girma, mai nauyin kilo 78, ya samu mota a cikin kyaututtukansa. To ko wanda ya ci mota kyauta a Matan Fada, washegari shi zai sha mata mai.

Tankin Toyota Corolla yana cin kusan lita 50. A naira 195 cika shi 9,750 ne, a naira 1,000 kuma 50,000. Mu ɗauka kana zaune a Argungu kana aiki a Birnin Kebbi. Zuwa da dawowa kilomita ɗari ne da 'yan kai. Idan motarka tana shan lita 8 a kilomita 100, a kwana 22 na aiki za ta sha aƙalla lita 176, wato naira 176,000 a farashin 1,000. Ya ninka mafi ƙarancin albashi sau biyu har da ɗori. Babbar mota mai shan lita 13 kuwa 286,000 za ta ci. Ka cire 1,000 ka sa farashin da gidan mai yake sayarwa yau, ka ga naka lissafin.

Bayan mai akwai inshora. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da ƙaramar inshorar motar gida naira 15,000 daga 5,000, cikakkiyar inshora kuma ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar miliyan 20 za ta ci miliyan ɗaya a shekara. Sai baƙin mai, taya, batir da kayan gyara, waɗanda su ma dala suke bi. Sabbin motoci cike suke da na'urorin lantarki, idan ɗaya ta lalace wani lokaci sai an aiko da ita daga Kano ko Legas.

Idan da bashi za ka saya, ka sani Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankuna kuma suna ɗora nasu a kai. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa su ma suna ɗora riba a kan farashi, don haka ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya.

Wani zai ce ya sayi mota a 2022 kuma yanzu ana taya ta fiye da yadda ya saya. Gaskiya ne a lissafin naira. Amma ya tambayi kansa, kuɗin da za a ba shi zai sayo irinta sabuwa? Buhun shinkafa nawa zai saya a da, nawa zai saya yanzu?

Yadda wayarka za ta taimake ka a wajen dillali

Idan ka zaɓi motar hannu ko 'yar Kwatano, akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a ramin OBD2, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da ramin tun daga 1996. Ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner, za ta nuna maka lambobin matsalolin da kwamfutar motar ta adana. Idan ta nuna an goge lambobin ba da daɗewa ba, ka yi hattara.

Ka duba lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, ka tabbatar ta jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Ga motar da ta fito daga Amurka, shafi irin Carfax yana sayar da tarihinta, har da haɗari ko ambaliya. Jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, kuma a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka ka kai takardar kwastam ofishinsu a tantance kafin ka biya. Duk wannan ba ya hana ka zuwa da bakaniken da ka yarda da shi.

Tambayoyi huɗu kafin ka tura kuɗi

1. Kwana nawa zan yi aiki kafin in mayar da wannan kuɗin? Raba farashin da abin da kake samu a rana.
2. Nawa zai riƙa ci duk wata, na data, caji, mai ko gyara?
3. Bayan shekara biyu, nawa za a taya shi?
4. Zai kawo kuɗi ko fita kawai zai riƙa yi da su?

Tambaya ta huɗu ita ce babba. Mai DJ a gidan biki, ko mai ɗaukar sauti a situdiyo, sifika da hedifon jarinsa ne, ya sayi mai kyau. Direban da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, mota gonarsa ce. Manomin fadamar Argungu da fetur ɗin injin ban ruwa ke cinye masa riba, injin mai aiki da hasken rana zai fi masa mota amfani a bana. Wanda kuwa zai saya don a gani a majalisa ko a TikTok, ya tuna masu kallon ba su za su biya bashin ba.

Gwajin gida

Kafin ka je kasuwa, ari iyafis mai tsada a wajen aboki, ka haɗa da naka. Rufe idonka, wani ya riƙa sa maka su ɗaya bayan ɗaya, waƙa ɗaya, ƙara ɗaya, sau goma, yana rubuta amsarka. Idan ka gane mai tsadar sau takwas ko fiye kuma aljihunka zai ɗauka, bismillah. Idan canki-canka ka riƙa yi, kunnenka ya riga ya ba ka amsa.

Duk wanda ya yi gwajin ya faɗa mana sunan wayarsa, kodek ɗin da ya gani, da sakamakon da ya samu. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya yarda.