Amsar Tambaya: Iyafis marar waya a gonar tattasai

Tambaya: Ina noman tattasai a bakin Komadugu, kusa da Diffa. Ƙarar injin ban ruwa tana hana ni jin masu kira. In sayi iyafis marar waya?

Amsa: Malam, saya, amma ka zaɓa. Irin wannan da Bluetooth yake aiki, kuma da wuya ya wuce mita 10, don haka salularka ta zauna a aljihu, kada ka bar ta gindin bishiya. Nemi mai robar da ke toshe kunne sosai, ko mai fasahar rage hayaniya. Gurnanin inji, da yake ba ya canzawa, shi fasahar ta fi iya dannewa. Wanda kake kira kuwa zai iya ci gaba da jin injin, sai ka matsa gefe.

Zafin Afrilu da Mayu a Diffa yakan haura digiri 40, yana kuma gajiyar da ɗan batirin iyafis ɗin. Kada ka yi masa caji cikin rana.

In kuma kana da tsohon iyafis mai waya, kada ka yar da shi. A yawancin salula, igiyarsa ce eriyar rediyon FM, in babu ita ba ka kama tasha.