Darasi: Amana Tsakanin Mai Mota da Direba

Aikin manomi bai ƙare a gona ba. Sai masara da albasa da tumatir sun isa kasuwa lafiya kafin mu ga kuɗin guminmu. Waɗansu ƙungiyoyinmu suna yin shatar babbar mota daga kamfanin sufuri, waɗansu kuwa sun tara kuɗi sun sayi tasu, sun ɗauki direba. Ko ta wace hanya, wahalarmu ta shekara guda tana hannun mutum biyu, wato mai mota da direbansa. In suka ci amanar juna, kayanmu ne za su zube a gefen hanya. A wannan darasi za mu duba abin da ke wuyan kowannensu, da abin da ke wuyanmu.

Inda haɗari yake farawa

A ce mun yi lodin tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000. Dokar hanya ba ta yarda tirela ta wuce gudun kilomita 60 a awa ba, ko a kan hanya mai tagwaye. Ko da direba ya riƙe 60 ɗin tun daga tashi har isa, sai ya yi fiye da awa 16 yana tuƙi, ban da lokacin cin abinci da shan mai da tsayawa a shingaye. To, in mai mota ya ce masa lalle ya isa gobe da asuba don ya juyo ya ɗauki wani lodi, ya umarce shi ke nan ya yi gudu, ya kuma hana idonsa barci, ko da bai faɗa da baki ba. Motar da ke gudun 60 tana cin wajen mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku kaɗai, mota ta yi mita 50 ba mai tuƙi.

Haka batun biya yake. Direban da ake biya bisa ga yawan sawu kaɗai, zai ga kowace awa ta hutu hasara ce. Wanda albashinsa ya makara wata biyu kuwa, a hanya zai nemi kuɗin cefane. Zai ɗora fasinjoji a kan buhuna, ko ya zuƙe gas ya sayar. Wannan laifinsa ne, amma mai motar da ya riƙe masa albashi yana da rabo a ciki.

Abin da ke wuyan mai mota

1. Ya ba da mota mai lafiya. Birki da fitila da taya su ne ran direba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. In an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi cewa taya ba abin dogara ba ce bayan shekara huɗu da yin ta.

2. Ya rubuta sharuɗɗan aiki. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da kama aiki. A rubuta albashi, da ranar biya, da kuɗin abinci na hanya, da wanda zai biya in an ci tarar mota saboda takardu.

3. Ya ba da lokacin hutu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kada kuma ya saba wuce awa tara a rana. Jikin direbanmu da nasu duk ɗaya ne. In tafiya ta yi nisa, a haɗa shi da direba na biyu.

4. Ya yi tanadin ranar wahala. Doka ta tilasta wa kowace mota yin inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Ban da wannan, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalin wanda ya rasu, su sami diyya.

5. Ya bi ƙa'idodin hukuma. Tun 2007 FRSC ta kafa tsarin da ya sa duk mai motoci biyar ko fiye ya yi rajista, ya sa mai kula da lafiyar tafiya, ya riƙa horar da direbobinsa. A 2017 kuma ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya.

Abin da ke wuyan direba

1. Ya duba mota kowace safiya kafin ya tayar: ruwa, baƙin mai, iskar taya, birki, fitilu. In ya ji ƙarar da bai saba ji ba, ya faɗa a ranar. Ɓoye ƙaramin lahani shi ke kawo babban gyara.

2. Ya riƙe lasin da ya dace da girman motarsa, kada kuma ya miƙa wa yaron mota sitiyari don ya kwanta.

3. Ya nisanci giya da ƙwayoyi irin su tramadol. Ƙwaya takan ɓoye gajiya, amma ba ta biyan bashin barci. Maganin barci shi ne a faka a wuri mai kyau a kwanta.

4. Kada ya ɗora mutane a kan kaya. In mota ta kife, waɗanda ke bisa buhuna ba su da abin da zai tare su.

5. Ya riƙe amanar gas da kuɗin hanya da kaya. Ya ƙirga buhuna wurin lodi, ya sa hannu, ya sake ƙirgawa wurin saukewa.

6. Ya yi ƙarfin halin cewa a'a in an matsa masa ya fita da mota marar birki. Mai mota mai hankali zai gode masa daga baya.

Abin da ke wuyanmu

Mu ma muna da hannu a ciki. Sau da yawa mu ne ke roƙon direba ya ƙara buhu ashirin don mu rage kuɗin shata. Mu ne ke jinkirta lodi har la'asar, sa'an nan mu ce kada tumatir ya kwana a hanya. Lodin da ya wuce ƙima yana ƙona birki a gangara, yana fasa taya. Sauri kuwa kan haifi nawa.

Saboda haka kafin mu yi shatar mota, mu aiki mutum biyu su ga takardunta da tayoyinta. Mu tambayi direba yaushe ya dawo daga tafiyarsa ta baya. Mu gama ɗaurin kaya da wuri. In motar ƙungiya ce, ma'aji ya fara ware albashin direba da kuɗin gyara kafin a yi maganar raba riba. Sakatare ya ajiye littafi a cikin mota, inda za a rubuta kowace tafiya, da gas da aka sha, da gyaran da aka yi. Littafin nan zai kāre direba mai gaskiya daga zargi, zai kuma kāre dukiyar ƙungiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a taro

1. Ta yaya ake biyan direban da ya kai kayanmu kasuwa bara? Wannan hanyar biya tana sa shi gudu ne ko natsuwa?
2. In direba ya ƙi ƙara lodi, me muka saba yi masa? Me ya kamata mu yi?
3. In direbanmu ya ji rauni a hanya gobe, wa zai ciyar da iyalinsa?

Kafin taro na gaba, kwamiti ya rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya tsakanin ƙungiya da direba, a karanta ta a gaban kowa, direban yana zaune.