Zaɓen Furen Okid da Kula da Shi

Yawancin furannin okid da ake sayarwa, asalinsu a daji kan rassan bishiyoyi suke tsirowa, saiwoyinsu a fili suna shan iska da ruwan sama. Shi ya sa dasa su cikin ƙasar lambu da yawan ban ruwa ke ruɓar da saiwa, ganye ya yi rawaya, shukar ta mutu.

A cikin nau'o'in okid, Phalaenopsis, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, ya fi dacewa da sabon shiga. Yana son haske ba tare da zafin rana ba, kuma furensa kan kai wata 2 zuwa 3. Dendrobium da Cattleya sun fi shi son haske, kuma karansu mai kauri yana ajiye ruwa. Vanda kuwa rataye ta ake yi, saiwoyinta a waje, ana fesa musu ruwa kullum.

Ban da Vanda, a dasa okid cikin tukunya mai huji, da ɓawon itace da gawayi. A duba saiwar Phalaenopsis kafin ban ruwa: in kore ce shar, a dakata; in ta koma ruwan toka, a jiƙa ta da safe, a bar ruwan ya tsiyaye. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, domin nan ruɓewa kan fara.